Duba Tsohon Soro: Tarihin Gyaran Gidan Ƙasa a Biranen Hausa

Gidan ƙasa irin na biranen Hausa, wanda ake ɗaga bangonsa da tubali a rufe shi da azara, gini ne da ƙarkonsa ya rataya a kan kulawa. Idan ana duba shi kowace shekara ana toshe inda ya buɗe, yakan haura shekara 100 yana tsaye, kaka ya bar wa jika. Idan kuwa aka garƙame shi aka tafi, damina kaɗan ta ishe shi ya zama kango. Shi ya sa sana'ar gini a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram ba ta tsaya ga ɗaga sabon gini kaɗai ba. Gyara babban reshe ne na aikin magini, kuma ba a fara gyara sai an shiga cikin gida an duba, an gane abin da ya lalace, da abin da ya lalata shi, da abin da za a iya cetowa.

Magina da sarautarsu

Gini sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa, ya kai ga curin tubali, sannan ya koyi jefa wa maginin da ke zaune a kan bango tubali da curin ƙasa. Sai ya daɗe a haka kafin a bar shi ya hau bango da kansa, kuma ba kowane magini ne ke kaiwa ga ɗaurin baka ba. Wanda ya kai nan shi ake kira gwani. A manyan birane sarki yakan naɗa Sarkin Magina, wanda ke tara magina idan aikin fada ko na masallacin Juma'a ko na ƙofofin gari ya taso. Yawancin irin wannan aiki gyara ne. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, ta kai ƙarni na 20 ne saboda ana fita gayya ana mayar mata da abin da damina ta zaizaye.

Maginin da sunansa ya fi fita a tarihin wannan sana'a shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau. Gadon irin waɗannan gidaje ya haɗa da sanin cikin gine-ginen da iyayensu suka yi: inda aka ɗaure azara, da yawanta, da shekarar da aka sake rufi. Gidan da ke da magininsa na gado bai cika zama baƙo ga mai duba shi ba.

Abin da ake dubawa

Ba a gane hanyar duba tsohon gida sai an san yadda aka gina shi. Ƙasar gini, wato birji, daga kududdufi ake haƙo ta. Akan jiƙa ta, a zuba mata ramno ko wata busasshiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake cuɗawa. Da ita ake cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ana jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa.

Rufi kuwa azara ce ƙashinsa. Daga kututturen giginya ake tsaga ta, musamman namijin, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika iya cin ta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ta haye ta wuce kusan mita 2. Don faɗaɗa ɗaki sai magina suka fito da dabaru: tauyi, wato azarun da ake turowa daga bango su tallafi na sama; gicciya azara a kusurwoyi; kafa ginshiƙi a tsakiya; da kuma baka, wadda ita ce ƙololuwar gwaninta. Ana yin baka ne da azaru da ake turowa daga bango biyu masu fuskantar juna, hawa-hawa, ana ɗaure su da igiya ana lulluɓe su da ƙasa, har su haɗu a sama. Idan bakuna suka sassarƙe da juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. A bisa azara ana shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddale.

Abin da ke tsare duk wannan daga ruwa shafe ne na waje. Laso, wanda ake yi wa rufi da rawani (ɗan bangon da ke kewaye da bakin rufi), haɗi ne na katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Makuba kuma daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, ana shafa ta a bango, ana yayyafa ruwanta a daɓe. Ruwan da ya sauka a kan rufi ta indararo yake fita, ya zuba nesa da gindin bango. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke dawwama. Laso yakan yi 'yan shekaru ya tsattsage, makuba ta fi shi saurin wankewa.

Lokacin dubawa

Yanayi ne ya tsara kalandar magina. A ƙasar Kano ruwa yakan sauka ne tsakanin Mayu da Satumba, mafi yawansa a Agusta, kuma hadari daga gabas ya fi tasowa, don haka bangon gabas ya fi kowane shan duka. Sau biyu ake duba gida a shekara. Na farko da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ɓarnar damina take sabuwa, kududdufi kuma yana da sauran ruwan kwaɓi. Na biyu da bazara, kafin ruwan fari, lokacin da ake toshe tsaguwar rufi a share indararo. Tsakanin waɗannan biyu, wato rani, shi ne lokacin babban aiki, domin ƙasa tana bushewa, manoma kuma sun sami sararin yin ƙodago. Da damina aikin mai gida ne ya hau soro bayan an ɗauke ruwa, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya danne inda ya fara zubewa.

Gidan da aka yi watsi da shi shi ne wanda wannan zagaye ya yanke masa. Maginin da aka kira ya duba shi yana neman sanin damina nawa ta wuce ba a hau rufin ba, domin daga nan zai ƙiyasta zurfin da ruwa ya kai.

Tsarin duba cikin gida

Magini ba ya faɗa wa ɗakin da ya daɗe a rufe kai tsaye. Akan buɗe ƙofa a bar iska ta shiga, a lura da maciji da kunama da rina, a ɗaga kai a dubi rufi tun daga bakin ƙofa. Idan azara ta lanƙwasa ko ƙasa tana zubowa, sai an tokare da gungume kafin kowa ya tsaya a ƙarƙashi. Wari ma shaida ne. Warin laima yana nuna ɗakin bai bushe ba tun damina, kashin jemage kuma yana nuna akwai kafar da ke buɗe a sama.

Tambaya ta farko ita ce ta ina ruwa yake shiga. Daɓe ne ke fara ba da amsa: ƙananan ramuka inda yoyo ya daɗe yana ɗiga, da tsibin ƙasar da ta zubo daga rufi. Bango yana ƙarawa da jan zane da ruwa ya bari a kan farar ƙasa. Daga nan sai a hau sama a nemi abin da ya dace da abin da aka gani a ciki. Yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu: indararo ya toshe ko ya karye, rufi ya lotsa ruwa yana kwanciya, laso ya tsage a mahaɗar rufi da rawani, ko saiwar ciyawa da tsiron bishiya ta huda ƙasa. Duk gyaran da aka yi a ciki ba a rufe wannan ƙofa ba, asara ce.

Sai azara. Ana bin ta ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya tana ba da amo mai kauri, wadda cikinta ya mutu kuwa tana yin holoƙo. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne kawunanta da suka shige cikin bango, domin a nan laima ke zama, kuma azara takan ruɓe a nan alhali tsakiyarta na nan garau. Don haka akan ɗan fasa yaɓen da ke kewaye da kai a gani da ido. Gara takan bar hanyarta ta ƙasa a jikin bango tana hawa sama. Ko ba ta ci azara ba, takan cinye zana ko asabarin da ke riƙe da ƙasar rufi, sai ƙasar ta riƙa tsiyayowa ta tsakanin azaru. Akwai kuma matsalar nauyi. Gidan da aka shekara da shekaru ana ƙara masa ƙasa a sama ba a kankare tsohuwa ba, rufinsa yakan yi kaurin da ya fi ƙarfin azararsa, kuma ƙasa idan ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake yi. Wannan ne ya sa rufi ya fi ruftawa a tsakiyar damina.

Baka ta fi komai bukatar idon gwani, domin abin da ke riƙe da ita a ɓoye yake. Tsaguwa iri biyu ce. Akwai ta saman yaɓe, siririya, mai bazuwa ko'ina, wadda bushewa ce kawai ta kawo. Akwai kuma mai zurfi da ke ratsa baka a gicciye, ko dai a gindinta inda ta fito daga bango, ko a mahaɗar hawa da hawa. Ta biyun tana nufin azarun ciki sun motsa, ko igiyar da ta ɗaure su ta ruɓe. Akan kankare wurin har a iske azara. A kuma tsaya a bakin ƙofa a auna bakunan da ido, a ga ko ɗaya ta sauka ƙasa da 'yan'uwanta, ko bangon da ke ɗauke da ita ya fara kaucewa waje. A ɗakin ɗaurin guga bakuna jingine suke da juna, don haka raunin ɗaya na duka ne.

Bango kuma daga gindi yake mutuwa. Laimar da ke tasowa daga ƙasa takan hau jikinsa, ta bushe ta bar gishiri, ƙasar ta yi gari tana zuba idan an shafa. A tsofaffin unguwanni lungu yakan tashi a hankali saboda shara da ƙasar rusassun gine-gine, har daɓen gida ya koma ƙasa da hanya, ruwan lungu ya riƙa kwanciya a jikin bango. Kwata da ta toshe, da salga da aka haƙa dab da bango, da makwararar wurin wanka, duk suna cikin abin da ake bi. Ramin ɓera da na gafiya sukan rarake gindin bango ta ciki. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma magini yana ɗaukar duk wata halitta da ya tarar a jikin bango a matsayin alamar kafar da ta riga ta buɗe. Tsaguwar da ta miƙe a kusurwa tana nuna bango biyu sun fara rabuwa. Wadda ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa tana nuna harsashi ya zauna ta gefe ɗaya. Hanya mai sauƙi ta sanin ko tsaguwa tana ci gaba ita ce a cike ta da sabuwar ƙasa a dawo bayan wani lokaci. Idan ta sake buɗewa, ginin bai daina motsi ba.

Bayan waɗannan ne ake sauka kan abin da ba ya kashe mutum: daɓe, da dokin ƙofa, da azarar kan ƙofa da ta taga, da ƙyaure, da matakalar bene. Daɓe a al'ada aikin mata ne. Sukan taru su zuba tsakuwa da ƙasa, su yi ta duka da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba har ya yi santsi da duhu. Daɓen da ya fashe ana iya sake shi cikin kwana kaɗan, amma daɓen da ya lotsa a wuri ɗaya yana iya zama alamar tsohuwar rijiya ko salga da aka cike.

Ado shi ne na ƙarshe a dubawa, kuma shi ya fi wuyar mayarwa. Zanen dagi da sauran zane-zanen da ake fitarwa da yatsa a ɗanyen yaɓe, da tasoshi ko tangaran da ake mannawa a mahaɗar bakuna, suna tafiya tare da yaɓen da ke ɗauke da su. Idan yaɓen ya saki bango, sai an yanke shawara tun kafin a taɓa shi: a tallafe shi a wurinsa, ko a sauke a sake zanawa.

Hukuncin magini

Abin da dubawa ke haifarwa hukunci ne, ɗaki bayan ɗaki, kuma bai cika wuce mataki uku ba. Na farko, ƙashin ginin lafiya lau, abin da ake bukata toshiya ce da yaɓe da sabon laso da farar ƙasa. Na biyu, bango na da ƙarfi amma rufi ya mutu, sai a yaye shi a zaɓi azarun da suka rage a cike da sababbi. Na uku, gindin bango ya ci ko baka ta karye, sai a rushe a tayar. Bangon da ya karkata kaɗan akan tokare shi da dogari ta waje, a ja masa rai.

Ko rushewar ma ba asara ce gaba ɗaya ba. Ƙasar tsohon bango ana jiƙa ta a sake cuɗawa, azara mai lafiya kuma tana komawa sabon rufi, har ma takan fi sabuwa daraja domin ta riga ta nuna ƙarkonta. Ana lissafin aikin ne da yawan azarun da za a saya, da mangalar ƙasa nawa jakuna za su kawo, da kwanakin magina da masu taya su. Irin wannan sani ne ya sa ake neman ƙwararrun magina su yi wa gida kima idan za a sayar ko za a raba gado.

Abin da ya sauya

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma ba su zo da kayan gini ba. A shekarun farko gidajen ƙasa suka zauna, maginan gari ne kuma suka gina musu ofisoshi da makarantu. Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya zama ofishinsu na wani lokaci. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa ya sami sunansa daga laƙabin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, shi ma na ƙasa ne. Ko a shekarun 1930, lokacin da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya gina Soron Ingila a Gidan Rumfa, hannun maginan gargajiya aka nema.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kawo kwano da siminti da katako. Da farko sai gwamnati da kamfanoni da manyan attajirai ke iya sayensu. A 1951 aka buɗe sabon masallacin Juma'a na Kano a madadin tsohon na ƙasa. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka sa bulo da kwano suka zama abin da kowa ke buri. Matasa suka koma birkila, gidajen magina suka fara rasa magada.

Kayan gyaran su ma suka yi wuya. Katsi daga marina yake fitowa, marina kuwa ta ja baya da shigowar yadin kanti da rinin zamani, ko da yake karofin Ƙofar Mata na nan yana aiki. Giginya ta yi ƙaranci kusa da birane, azara ta koma zuwa daga nesa da tsada. A Nijar sai da aka sa dokar tsare dazuzzukan giginya na yankin Gaya. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini a kai, aka rasa wurin ɗibar ƙasa, ruwan damina kuma ya rasa wurin zuwa sai cikin lunguna.

Sai kuma gado. Babban gida da iyali ɗaya suka zauna a ƙarƙashin mai gida ɗaya yakan koma mallakar magada da yawa idan mai gidan ya rasu. Masu hali su tashi su koma sababbin unguwanni, a bar tsofaffi da 'yan haya, ko a kulle sashen mamaci ana jiran rabo. Rufin da kowa ke da kaso a cikinsa ba shi da mai hawa.

Wani abin da ya ƙara wahalar da mai dubawa shi ne gyaran zamani da aka yi wa tsofaffin gidaje da kyakkyawar niyya. Filastar siminti a kan bangon ƙasa ba ta kama shi da kyau. Ruwa yakan shiga ta tsaguwa ya kasa fita, ƙasar ta narke a bayanta alhali fuskar tana nan sumul. Fentin mai da daɓen siminti suna hana laima fita, sai ta tattaru a gindin bango. Silin yana rufe azara, ba a ganin lanƙwasarta. Rufin kwano da aka ɗora a kan bangon ƙasa yana kare shi daga ruwa ƙwarai, amma idan aka ɗora shi a bisa tsohon rufin azara sai a daina hawa, gara ta yi aikinta ba mai gani. Duk alamun da magina suka saba karantawa waɗannan abubuwa sun lulluɓe su. Don haka mai duba irin wannan gida a yau sai ya ƙwanƙwasa filasta ya ji inda ta yi holoƙo, ya ɓalle wani sashe na silin, sannan ya ƙara da abin da magabata ba su sani ba, wato tsofaffin wayoyin lantarki da bututun famfo da aka binne a bango, wanda yoyonsa ke jiƙa ƙasa rani da damina.

Waɗanda aka ceto da waɗanda aka rasa

A Nijeriya gwamnati ta shigo wannan fage da dokar kayan tarihi ta 1953. A ƙarƙashinta aka ayyana wasu gine-ginen ƙasa a matsayin kayan tarihi na ƙasa, ciki har da Gidan Makama da gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani. A 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna tsofaffin gine-ginen Nijeriya yana zana su, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano. Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan maginan Hausa da yadda suke auna kyan gini. Da irin waɗannan ayyuka ne ilimin da ke kan harshen magina ya fara shiga takarda.

A Nijar akwai misalan da ke nuna abin da gyara kan iya yi. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina a 1962, ya bukaci gyaran rufi a 1975. Gyaran ya zama sabuntawa: aka sa bakuna da tulluwa, aka ƙara hasumiyoyi, aka kammala a 1982, ginin kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa an gyara shi an mayar da shi ɗakin karatu, aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka gama a 2018 tare da maginan yankin. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan masu yaɓe, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Akwai kuma asara. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsaguwa a ginin, ana shirin kawo masana su duba. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe wani tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 a Damagaram. Kowace damina kuma ana samun ruftawar ɗakuna a tsofaffin unguwanni, waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina.

Injiniyoyi da masu adana kayan tarihi suna da na'urar auna laima da kyamara da zanen gini, amma jerin da suke bi a tsohon gidan ƙasa bai bambanta da na magina ba: a tokare abin da ke shirin faɗuwa, a tsayar da ruwa, a duba azara da baka, a duba gindin bango, sannan a zo kan daɓe da ado. Abin da ake gyara ƙasa da shi kuma ƙasa ce irin tata. Gidan da aka duba da kaka aka gyara da rani yana shiga damina da ƙarfinsa, wanda aka jinkirta dubawarsa har ruwa ya sauka kuwa ba ya gyaruwa sai wata shekara, in ya kai.